Rezon gidanmu a Tahoua: abin da nake rubutawa kan rabon adireshi

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau na fara rubuta aikin nan don na gaji da gyara abu yau, jibi in rasa yadda na yi shi. Gidanmu babban gida ne, Baba da Inna a gaba, yayana da iyalinshi can baya, ni kuma na mai da ɗakin zaure ɗan shagon fotokofi da buga takardu, rabin masu zuwa ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ne, sauran masu takardar neman aiki da katin biki. Intanet ɗinmu boks ce guda ta 4G mai sim a ciki, tana bisa kanta a falon Baba, daga ita na ja kabul zuwa shago na sa shi cikin ɗan suwic mai baki 5, ordinatar da emprimant duk a nan suke sha.

Emprimant ɗin nan ita ta kawo ni. Duk sa'ad da anka ɗauke wuta anka maido, kuma kun san Afrilu, ordinatar sai ta ce ba ta ganinta alhali ga ta nan gefenta fitila kore shar. Jiya wata ɗaliba ta zo da shafi 40, mai kabu-kabu na jiranta bakin ƙofa yana ta danna oda, ni ina ta cire emprimant daga Windows ina sake sa ta, zufa har cikin ido, daga ƙarshe ta karɓi kilenta ta ce "bari Malam, na dawo gobe" kuma ba ta dawo ba. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Da dare na buɗe shafin boks, 192.168.1.1, na dubi jerin abubuwan da ke haɗe. Lambar da ordinatar ke nema 192.168.1.104 ce, emprimant kuwa yanzu tana 101, 104 ɗin tana hannun wayar matar yayana. To nan ne. A cikin boks akwai mai rabon adireshi, shi ne DHCP, duk abin da ya shigo rezo sai ya yi shela yana neman lamba, boks ta yi mishi tayi, ya ce na karɓa, ta tabbatar mishi, magana huɗu kenan an gama. Amma aro ne ba kyauta ba, tamu awa 24 take badawa, kuma in wuta ta tafi ta manta wa ta ba me, da ta tashi sai ta sake rabo daga 100 bisa wanda ya riga zuwa. Waya ba ruwanta da wace lamba ta samu tunda ita ke fita nema, ba mai zuwa wajenta. Emprimant ita ake zuwa wajenta, dole gidanta ya zauna wuri ɗaya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na shiga menu na emprimant ta ɗan allon gabanta, na cire ta daga otomatik na sa mata adireshin dindindin da hannu. Yau 103 take riƙe da ita, sai na ce to ta zauna nan kawai, na rubuta 192.168.1.103, na gyara a Windows ita ma. An ɗauke wuta da azahar an maido la'asar, na buga shafin gwaji ya fito lafiya lau. Alhamdu lillahi. Sauran gida na bar su a otomatik yadda suke, don ba wanda zai bi wayoyi 14 yana rubuta musu lamba ɗaya-ɗaya, balle ta Baba da ba ya son a taɓa mishi ita.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ashe ban gama ba. Yau da hantsi emprimant ta koma wani sabon hali wanda ya fi na da muni, ta buga shafi 2 ta tsaya, ta ɓace, ta dawo, a lokaci guda ƙanena ya leƙo shago yana cewa "Yaya, wifi ɗin nan ya lalace ne? WhatsApp sai ya shiga ya fita." Ban haɗa maganganun biyu ba sai da na dubi wayarshi na ga 192.168.1.103 ɓaro-ɓaro.

Kuskuren nawa ne. Filin da boks ke rabo a ciki daga 100 zuwa 199 yake, ni kuma na je tsakiyar filin na kafa bukka ban gaya mata ba. Ita ba ta san emprimant ta riƙe 103 ba tunda ba ita ta ba ta ba. Kuma ɗabi'ata ce in an ɗauke wuta nakan kashe emprimant a soket don tsoron ƙarfin da wutar ke dawowa da shi, sai ta zauna minti 10 in kunna, to cikin minti 10 ɗin nan wayoyi sunka shigo, boks ta raba 100, 101, 102, ta miƙa wa ƙanena 103. Akwai masu rabon da ke ƙwanƙwasa lamba kafin su ba da ita su ji ko da kowa ciki, amma ko da ta ƙwanƙwasa wa zai amsa, mai ɗakin a kashe take.

Na so in gani da idona, na buɗe baƙin allon cmd na buga ping 192.168.1.103, wato ƙwanƙwasa lambar, sannan arp -a. Wanga umurnin yana nuna kowace lamba da lambar MAC ɗin abin da ke riƙe da ita, MAC kuwa ita ce lambar jikin na'ura, harufa da lambobi 12. Na buga sau ɗaya na ga wata MAC, na jira kaɗan na sake sai ga wata daban a kan 103 ɗin dai. Wato ordinatar na tambaya "wa ke da 103?" mutum biyu na amsawa, wanda muryarshi ta zo ƙarshe shi take kai wa saƙo. Takardar mutane rabi na zuwa emprimant rabi na zuwa wayar yaro.

Nan kuma wani abu ya faɗo min. Kamarar da yayana ya sa a ƙofar gida bara, bayan an ɗauke mana tunkiya da dare, tun lokacin hotonta ke yankewa bayan isha'i, muna ta cewa zafi ne ko kabul ne, har kabul munka sake. Na duba, tana 192.168.1.108, lambar da ta zo da ita daga kamfani ce, a dindindin take, ba wanda ya taɓa ta. Da rana mutanen gida sun watse rabo ba ya kaiwa 108, da dare kowa ya dawo da wayarshi sai na tara a layi ya faɗa kanta. Kusan shekara guda fa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau ban taɓa na'ura ba sai da na zauna da biro da takarda. Rezonmu lambobi 254 gare shi, daga 1 zuwa 254, don 0 sunan rezon ne kanshi, 255 kuma ta shela ce ga kowa, ba a ba kowa su. Wannan 255.255.255.0 da ake gani ko'ina abin da take faɗi kenan, kashi uku na farko sunan unguwa, na ƙarshe lambar gida. Kuma 192.168 ɗin ba tamu ce mu kaɗai ba, tana cikin lambobin da anka ware don cikin gida a takardar RFC 1918 ta 1996, tare da masu farawa da 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31, shi ya sa maƙwabcinmu ma zai iya samun 192.168.1.103 tashi ba mu yi karo ba.

Na yanka filin kamar gadon gona. Daga 1 zuwa 9 na kayan rezo ne, boks na 1. Daga 10 zuwa 49 na masu dindindin waɗanda ni zan rubuta musu da hannu. 50 zuwa 99 na ajiye wa waɗanda zan kama wa wuri ta cikin boks. Rabon otomatik kuma na matse shi, 100 zuwa 129, don ina ganin 30 sun ishe mu kuma yaran maƙwabta da sunka san kalmar sirri za su rage cika mana wuri.

Emprimant ta koma 10. Kamara ta koma 21, ita ta ba ni aiki, don da na canza lambar na danna ajiye shafin ya mutu a gabana, gabana ya faɗi, ashe dole ne, ta tashi daga 108 sai in bi ta sabon gida. Na rubuta 21 a burawza ta buɗe.

Da magariba yayana ya kira daga kasuwa. "Kai, me ka yi wa kamarar nan? Ba ta nuna komi a wayata." A gida tana aiki sarai, daga waje shiru, agogon da ke kan hoton ma ya koma wata shekara can baya. Na koma na duba, gurabe huɗu ne ake cikawa, ni biyu na cika, adireshi da mask, wato 255.255.255.0 ɗin nan, na bar wanda anka rubuta passerelle da na DNS ba komi a ciki. Passerelle ƙofar fita ce, wato boks, 192.168.1.1, in babu ita na'ura na magana da ƴan gida amma ba ta san hanyar waje ba. DNS kuma shi ke juya suna ya zama lamba, na sa 192.168.1.1 a na farko, 8.8.8.8 na Google a na biyu. Minti ɗaya agogo ya daidaita kanshi, yayana ya turo murya "to ga ta nan ta dawo, Allah shi yi albarka." Abin da ban lura da shi ba tun farko shi ne duk huɗun nan DHCP ke ba waya a ɓoye ba adireshi kaɗai ba, ranar da ka cire abu daga hannunshi kai ka ɗauki nauyin huɗun.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ranar kasuwa, shago cike tun safe, wuta ta tafi sau 3. Emprimant ba ta ɓace ko sau ɗaya ba. Bayan isha'i na zauna na kalli kamara kusan awa, hoto bai yanke ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kama wuri. Wanga ita ce hanya ta uku, tsakanin dindindin da otomatik, na'ura tana nan a otomatik ba ka taɓa ta, boks kake gaya wa duk sa'ad da mai MAC kaza ya zo ki ba shi lamba kaza. Kuma shi ba ya gogewa da ɗauke wuta tunda cikin saitin boks yake zaune. Na so shi don ordinatar shago da ƴar laftof ɗina da wayar ƙanena, wadda yake turo min takardun mutane da ita.

Tsarina na takarda ya karye nan take, na sa 50 boks ta ƙi, ta ce sai lambar da ke cikin filin rabo. Wasu rutoci, wato na'urorin rabon wifi irin boks, na karɓar ta waje, wasu ma ta wajen suke so, tamu dai ba ta so. Ba damuwa tunda ita ke rabon ita kuma ta san da ajiyar, ba za ta ba wani ba, sai na sa 100, 101, 102. 50 zuwa 99 na bar su fili.

Ordinatar ta karɓa da ipconfig /release sannan ipconfig /renew, wato ta saki tsohuwar lamba ta nemi sabuwa. Laftof ta karɓa a wifi, da na sa mata kabul sai ta ɗauko wata lamba daban, na ɗan daɗe kafin in tuna MAC biyu gare ta, na wifi daban na kabul daban, ipconfig /all ya nuna su duka. Wayar ƙanena ce ta ƙi sam. Na kwafi MAC daga wurin bayanin waya, na duba harafi-harafi sau uku daidai, amma boks na ba ta 117. Sai da na dubi jerin boks ɗin na ga wata MAC ce dabam take nunawa. Tun daga Android 10 wayoyi ke ƙirƙiro MAC ta aro ga kowane wifi don kada a riƙa bin sawun mutum, iPhone ma haka tun iOS 14 a 2020, kuma ana gane ta, harafi na biyu yakan zama 2 ko 6 ko A ko E, tashi da DA ta fara. Ban kashe mishi abin ba don kariya ce mai amfani, na kwafi wadda boks ke gani na sa, ta zauna a 102.

Asabar, 3 ga Mayu

Sashen yayana wifi ba ya kaiwa, bango biyu na siminti da ƙofar ƙarfe, matarshi sai ta fito tsakar gida cikin rana da tsohon ciki take samun rezo. Ya aiko da wata tsohuwar ruta daga wajen abokinshi, na ja kabul mita 30 ta bisa katanga na soka a bakin LAN ɗinta, wato bakin rezon cikin gida, na kunna, na tafi masallaci. Ina dawowa Baba na zaune a zaure da waya a hannu. "Kai yaro, zo nan. Abin nan ya nuna ya kama amma karatun ba ya buɗewa." Na durƙusa na karɓa, na duba, adireshin wayar Baba 192.168.0.101, sifili ba ɗaya ba.

Sabuwar rutar da nata mai rabon ta zo a kunne. Masu rabo biyu a gida ɗaya, waya ta yi shela duk biyun su yi tayi, wanda ya riga shi take bi, kuma ita sabuwar tana ce wa kowa ni ce ƙofar fita alhali ba inda take fita. Shi ya sa rabin gida na da intanet rabi babu, kuma ba ka iya cewa ga waɗanda abin zai faɗa wa.

Na cire ta daga kabul ɗin gida na haɗa ta da laftof ita kaɗai. Nan ma na yi gaggawa, na fara kashe DHCP ɗinta kafin in canza mata lamba, ta sake tashi, laftof ba mai ba ta adireshi sai ta ba kanta 169.254 da wasu lambobi, wadda duk inda ka gan ta ma'anarta na nema ba wanda ya amsa. Na kulle kaina a waje kenan. Da na iya sa wa laftof 192.168.0.5 da hannu in shiga, amma na ga ba abin da zan yi asara, na karyo tsinken tsintsiya na danna ɗan ramin baya na ƙirga 10 ta koma yadda ta fito. Karo na biyu na bi a hankali, na fara mai da ita 192.168.1.2, sannan na kashe rabo, sunan wifi da kalmar sirri iri ɗaya da na boks, kabul a LAN ba a WAN ba, bakin da intanet ke shigowa daga waje. Wayar Baba na kashe wifi na kunna ta dawo 192.168.1. Ya ce "to madalla" ya ci gaba da sauraren karatunshi.

Asabar, 10 ga Mayu

Sunan ɗiyar yayana, Allah shi raya. Kuma yau matse filin nan da na yi ya kama ni. Da safe maza sunka cika ƙofar gida wajen raɗin suna, duk wanda ya tambayi kalmar sirri an ba shi, sunka ci goro anka yi fatiha sunka watse, amma kowace waya ta tafi da lambarta ta awa 24 a rubuce, boks na tsare musu wuri su kuwa suna can gidajensu. Da la'asar mata sunka zo, ƙanwar Inna da ta taso daga Konni na son ta nuna wa ɗiyanta jaririya a bidiyo, waya sai juyi take tana cewa tana neman adireshin IP. Inna ta aiko a kira ni. "Ɗan nan, dubi wayar innarka, tun ɗazu take fama." Na buɗe boks daga wayata ina tsaye bakin ƙofar ɗaki, 30 cif, ba ko ɗaya a sake.

Na buɗe filin daga 100 zuwa 229, na rage wa'adin aro zuwa minti 120. Na yi ta tunanin ko gajeren wa'adi zai sa wayoyi su riƙa yankewa, ba haka ba ne, waya na neman sabuntawa tun a rabin wa'adi, in ba a amsa ba ta sake nema gaba, mai zaune a gida ba ya jin komi, wanda ya tafi ne lambarshi ke dawowa bayan awa 2. Kuma na yarda matse fili ba tsaro ba ne, bai hana yaron maƙwabta shiga ba, baƙuwar Inna ya hana. Maganin wancan canza kalmar sirri ne, gobe in Allah ya kai mu.

Talata, 13 ga Mayu

Wani abokina da ke aikin rezo a Yamai ya ce min da na bar wahala na mai da komi kama wuri, wuri ɗaya ake duba komi, ba a karo. Maganarshi na da ƙarfi, a ofis mai wuta tsayayya ni ma haka zan yi. Amma na gwada abu yau da ya sa ban bi shi duka ba. Na zare boks daga wuta da gangan, na kashe ordinatar shago na kunna, ta tashi da 169.254, emprimant na nan daram a 10 amma ba sa jin juna, ga su kan suwic ɗaya tebur ɗaya. Shago na da batir da fano, falon Baba babu, wato duk ranar da wuta ta daɗe sana'ata ta tsaya saboda boks ɗin da ba ta da hannu a buga takarda. Na cire ordinatar daga kama wuri na ba ta 11 da hannu, gurabe huɗu cif, na sake gwadawa boks a kashe, shafi ya fito. Laftof ta zauna a kama wuri don tana fita da ni, in na sa mata dindindin duk wifi ɗin da na je sai ta ƙi.

Yayana kuma ya ce tunda kamara ta samu adireshin dindindin a buɗe mata ƙofa a boks ya riƙa shiga kai tsaye daga ko'ina ba sai ta manhaja ba. Na duba adireshin da boks ke da shi ta waje, da 100.72 ya fara, yana cikin kason 100.64 zuwa 100.127 da kamfanonin waya ke tara mutane da yawa a bayan adireshi guda, ƙofar da na buɗe a gida ba mai iso ta daga waje. Na yi mishi bayani dindindin ɗin cikin gida daban, na waje daban, kuma ni ko da ana iyawa ban so kamarar ƙofar gidanmu ta zauna a buɗe ga duniya. Na dai canza mata kalmar sirri don har yau ta wanda ya kafa ta ce a kai.

Na sauke kwafin saitin boks na sa a kile. Na sake rubuta takardar da kyau, 1 boks, 2 rutar baya, 10 emprimant, 11 ordinatar, 21 kamara, 101 da 102 ajiya da MAC ɗinsu, rabo 100 zuwa 229, na sa ta cikin leda na manna da sikoc ƙarƙashin kantar falo, na nuna wa ƙanena inda take. Saura kabul ɗin bisa katanga, rana ta fara cin bayanshi, ina son in sa shi cikin tiyo kafin ruwan farko, ranar Lahadi zan duba tiyon a kasuwa.